Wanda ya kulle akwatin zaɓe ya kulle titi, ƙofar bariki ya buɗe

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a rumfunan Kasuwar Dole da ofisoshin gwamnati na Damagaram, wai zanga-zanga ba ta haifar da komai sai rufe shaguna da asarar ciniki, don haka gara a yi shiru a bar mai mulki da mulkinsa. Masu faɗin haka ba wawaye ba ne, domin sun shaƙi barkonon tsohuwa, sun kwashe kaya a guje. Sai dai lissafinsu bai cika ba: sun ƙirga asarar ranar da aka fito titi, sun manta da asarar shekarun da aka hana fitowa.

Mu tuna yadda abin ya faru. A watan Maris na 1993 ƴan Nijar suka zaɓi Mahamman Usman, ɗan Damagaram, shugaban ƙasa. Ba za mu ɓoye ba, zaman doya da manja da aka yi a 1995 tsakaninsa da firaminista Hama Amadu ya tsayar da aikin gwamnati, ya gajiyar da jama'a. Da wannan hujja Kanal Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da shi ranar 27 ga Janairu 1996, har wasu suka yi guɗa, suna cewa an samu mai raba gardama.

Ba a yi wata shida ba mai raba gardama ya shiga takara da kansa. A zaɓen 7 da 8 ga Yuli 1996, ana tsakiyar aiki, ya rusa hukumar zaɓe ta CENI, ya naɗa wata da hannunsa, ya yi wa abokan takararsa huɗu ɗaurin talala a gidajensu: Mahamman Usman, Tanja Mamadu, Mahamadu Isufu da Adamu Mumuni Jermakoye. Sabuwar hukumar ta ba shi kashi 52 cikin ɗari, ba sai an je zagaye na biyu ba. Aka haramta taro. Da mutanen Damagaram suka fito nuna ƙin yarda, aka tarwatsa su, aka kama na kamawa. A ƙasar baki ɗaya an tsare ƴan adawa da dama, wasu aka kai su sansanin Ekrafan.

To, ya kai ɗan kasuwa mai son zaman lafiya, wa ya fara ta da fitina a nan? Wanda ya fito titi yana neman ƙuri'arsa, ko wanda ya sace akwatin da rana tsaka?

Ƴan adawa suka haɗu cikin ƙawancen FRDD, suka ƙaurace wa zaɓen majalisa na Nuwamba 1996. Bayan zanga-zangar 11 ga Janairu 1997 a Yamai aka kama Usman da Tanja da Isufu, ba a sake su ba sai 23 ga watan. A Maris na wannan shekara aka farfasa kayan gidan rediyon Anfani. A Afirilu 1998 Maraɗi da Damagaram suka sake ɗaukar zafi. Duk wannan kame-kame, shin ya kawo kwanciyar hankalin da aka yi alkawari? Ma'aikaci ya san amsa, domin albashi ya riƙa taruwa wata da watanni ba a biya ba, kuma mai shagon da ya ba shi shinkafa bashi ya san amsa. Hatta sojoji sun yi bore a Diffa da Agadas da Damagaram a Fabrairu 1998 saboda haƙƙinsu.

Ƙofa ta ƙarshe ita ce zaɓen ƙananan hukumomi na 7 ga Fabrairu 1999, inda ƴan adawa suka yi gaba, aka soke sakamako a wurare masu yawa. Ranar 9 ga Afirilu 1999 dogaran fadarsa suka harbe Ba'are a filin jirgin saman Yamai, Dauda Malam Wanke ya hau. Ba ma murna da jinin kowa, Allah ya jiƙansa. Amma ba masu zanga-zanga suka kashe shi ba. Bindigar da ya dogara da ita don rufe bakin jama'a ita ta juyo kansa.

Abin takaici, waɗanda suka ɗanɗani wannan azaba ba su ɗauki darasi ba, kuma ba mu ware ɗan garinmu. A zamanin Usman ne aka kama Tanja da mutane kusan 90 bayan zanga-zangar 16 ga Afirilu 1994. Tanjan da aka tsare sau biyu, a nan Damagaram aka fara yi masa kiran tazarce a 2008, wajen aza harsashin matatar mai. A 2009 ya rusa majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya yi zaɓen raba gardama na 4 ga Agusta, sai ga Salu Jibo ranar 18 ga Fabrairu 2010. Isufu kuwa, a Maris 2018 gwamnatinsa ta ɗaure shugabannin ƙungiyoyin farar hula, irin su Musa Cangari da Ali Idrisa da Nuhu Arzika, don sun yi kiran zanga-zanga a kan dokar kasafin kuɗi da ta ƙara wa talaka da ɗan kasuwa haraji. Kowa mai kare ƴanci ne muddin yana waje.

Ba mu goyon bayan ƙone-ƙone. Wanda ya cinna wa shagon wani wuta ɓarawo ne, kotu ta hukunta shi. Amma hana dubu magana saboda laifin mutum goma zalunci ne, kuma a tarihinmu bai taɓa tsawaita ran mulki ba.

A Maris 2025 aka rusa dukkan jam'iyyun siyasa na Nijar, wasu suka sake yin guɗa kamar a 1996. Mu dai muna tunatar da su cewa ranar da haraji ya yi wa ɗan kasuwa yawa, ko albashi ya maƙale wa ma'aikaci, titin da suka yarda a kulle wa ƴan adawa shi ne za su nema, su tarar da kwaɗo a kansa.