Ƙaramar mota mai gudu da gazuwal: Turai na saki, mu muna kamawa

Sharhinmu na yau zai duba wata mota da sunanta ke yawan fitowa a fadodin samari na Yamai, Maraɗi da Damagaram in ana shan shayi, wato ƙaramar motar nan mai yankakken baya, wadda ƙofar kayanta ke ɗagawa sama tare da gilashi, ga ta da gudu kamar barewa, kuma gazuwal take sha. Wadda ta fi suna cikinsu ita ce Golf GTD ta kamfanin Volkswagen na Jamus, sai ƴan uwanta irin su BMW 120d, Seat Leon FR da Peugeot 308 GT. Masu yabonta suna cewa ta haɗa abu biyu da ba su cika haɗuwa ba: ƙarfi da tattalin mai. Gaskiyarsu. To amma kafin mutum ya kwance bakin jikkarshi, ya kamata ya san dalilin da ya sa waɗanda suka ƙera ta suke rabuwa da ita, da kuma abin da za ta tarar in ta sauka ƙasarmu.

Bari mu fara da asali. A shekarar 1976 Volkswagen ya fito da Golf GTI mai shan isansi, wadda ta koya wa Turawa cewa ƙaramar mota ma tana iya tsere. A 1982 ya yi mata ƙanwa mai gazuwal, ya sa mata suna GTD, da ƙarfin doki 70 kacal. Sannu a hankali injin ya yi ta ƙaruwa: ta 2013 tana da ƙarfin doki 184, tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa bakwai da rabi, ta 2020 kuwa doki 200 gare ta, gudunta na kai kilomita 245 a awa. Wanda ya taɓa tuƙa irinta ya san daɗin: da ka taɓa totur sai ka ji ta tura ka cikin kujera, ba sai inji ya yi kururuwa ba, ka wuce babbar mota cikin ƙiftawar ido, ka yi doguwar tafiya tanki bai ce uffan ba.

Abin lura shi ne, motar nan ƴar gata ce da aka rena cikin yanayi na musamman. Na farko, gwamnatocin Turai sun daɗe suna sassauta wa gazuwal haraji. A Jamus, harajin lita guda ta gazuwal ya gaza na isansi da kimanin santim 18 na Yuro, kusan sefa 120 ke nan. Na biyu, tun 2009 dokar Tarayyar Turai ta ce kada farar wuta da ke cikin gazuwal ta wuce kashi 10 cikin miliyan. Na uku, akwai shimfiɗaɗɗun hanyoyi, wasunsu a Jamus ma ba a ƙayyade musu gudu ba. Da waɗannan abubuwa uku ne gazuwal ya mamaye kasuwa, har ta kai a 2015 fiye da rabin sabbin motocin da ake saya a Turai masu gazuwal ne.

A shekarar ne kuma asiri ya tonu. Ranar 18 ga Satumban 2015, hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa Volkswagen ya sa wata dabara cikin kwamfutar motocinshi, wadda ke gane lokacin da ake gwaji sai ta rage hayaƙi, in an koma kan hanya kuma iskar mai guba ta ninka abin da doka ta yarda har sau 40 a wasu motocin. Kamfanin ya amsa cewa motoci miliyan 11 abin ya shafa a duniya, shugabanshi Martin Winterkorn ya yi murabus cikin mako guda, tara da diyya suka ci mishi fiye da Yuro biliyan 30. Dama tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin jerin abubuwan da ke haddasa cutar. Daga nan sai birane suka fara rufe ƙofa. A Fabrairun 2018 kotun tarayya da ke Leipzig ta ba biranen Jamus damar hana tsofaffin motocin gazuwal shiga wasu tituna, Hamburg ta fara, Stuttgart ta biyo baya a 2019. Birnin Landan ya ɗora wa duk motar da ba ta cika ƙa'ida ba fam 12 da rabi a kowace rana. Zuwa 2023 rabon gazuwal cikin sabbin motocin Tarayyar Turai ya faɗo ƙasa da kashi 14 cikin ɗari, motocin lantarki suka sha gabanshi a karon farko. Da aka sabunta Golf a 2024, sai aka nemi GTD cikin jeri aka rasa: kamfanin ya daina ƙera ta.

To ina miliyoyin da aka riga aka ƙera za su? Amsar tana tashoshin jiragen ruwa. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci okaziyo miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya kwasa. Motar da Bature ya ga ba za a bar shi ya shiga tsakiyar gari da ita ba, kuɗinta zai faɗi, dillali ya saye ta, ta hau jirgi zuwa Kotonu ko Lome. Bayan rufe iyakarmu da Benin a 2023, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin sufuri ya ƙaru, amma motocin ba su daina zuwa ba.

Yanzu sai mu zo ga lissafi, tunda tattalin mai shi ne babbar hujjar masu sonta. A nan Nijar al'amarin ya sha bamban da na Turai. A watan Agustan 2022 gazuwal ya tashi daga sefa 538 zuwa 668, ya bar isansi a 540. Da aka yi ragin watan Yulin 2024, isansi ya koma 499, gazuwal 618. Ke nan wanda Turai ta mayar mai araha, a wurinmu shi ne mai tsada. Mu ɗauka motar gazuwal na shan lita 6 a kilomita 100, takwararta ta isansi na shan lita 8. Da farashin 2024, ta farko ta ci sefa 3,708, ta biyu 3,992. Bambancin sefa 284 ne. Daga Yamai zuwa Damagaram, wajen kilomita 900, ribar ba ta kai jikka uku ba. Wanda ke yin kilomita 20,000 a shekara, abin da zai rage bai cika jikka 57 ba. Riba ce, ba mu musa ba, amma zuwa gareji sau ɗaya da babbar matsala ya isa ya lashe ta.

Kuma dalilan zuwa garejin ba kaɗan ba ne. Dattawanmu sun saba da gazuwal irin na Peugeot 504 da Marsandi 190, injin da ke haɗiye duk abin da aka zuba mishi, makanike ya kwance shi a gindin bedi ya mayar kafin la'asar. Na yanzu wani abu ne daban. Yana fesa mai ta ƙofofi masu sirantakar gashi, da matsi mai tsananin ƙarfi, ta yadda ɗigon ruwa ko ƙurar da ta shiga jarka a bakin hanya ta isa ta kashe famfo da allurai baki ɗaya. A cikin salansa akwai wata rariya da ke tare baƙin hayaƙi, wadda ba ta wanke kanta sai an yi doguwar tafiya ta yi zafi sosai. Wanda duk zirga-zirgarshi daga gida zuwa kasuwa ce cikin cunkoson kabu-kabu, rariyar za ta toshe, fitila ta kama a gaban direba, kwamfuta ta rage wa mota ƙarfi. Mai ɗin da ke da farar wuta da yawa, ko baƙin mai da bai dace ba, yana ƙara saurin toshewar. Na baya-bayan nan ma suna da wani tanki daban na ruwan AdBlue, wanda in ya ƙare motar ba za ta tashi ba.

Sai kuma hanya. An rage wa GTD tsayi da milimita 15 a kan sauran Golf don ta manne da kwalta in ana gudu, tayoyinta kuma sirara ne. Wannan ado ne a Jamus. A kan hanyar Doso zuwa Dogonduci da Kwanni, inda kowane ƙauye ke da tudun rage gudu, ko a unguwannin da rairayi ya cinye titi, cikin motar ne zai riƙa sharar ƙasa. Gudun 230 kuma, a ina za a yi shi? Babbar hanyarmu layi biyu ce, ana raba ta da amalanke, da garken shanu, da ƴan makaranta. Motar da ke kai 140 direba bai ji komai ba, ita ce mafi haɗari a hannun yaron da ya karɓi permi jiya.

Da rariyar ta dami mai mota, maganin da aka fi yi shi ne a cire ta, a ruɗi kwamfuta, a ci gaba da tafiya. Mai mota ya huta, amma hayaƙin da aka ƙera ta don ta tare, yanzu yana shiga ƙirjin mai tallar ƙosai, da ɗan sandan da ke tsaye a mahaɗa, da jaririn da ke goye a bayan babur. A lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya riga ya cika asibitocinmu da masu tari, wannan ƙari ne a kan ƙari. A nan ne zancen ya tashi daga aljihun mutum ɗaya ya zama na jama'a.

Hukumomin yankinmu sun san da matsalar. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda wasu ƴan kasuwa ke kawo wa Afirka gazuwal mai farar wuta da ta ninka ta Turai sau ɗaruruwa. A 2020 ƙasashen CEDEAO suka amince da ƙa'ida guda: farar wuta kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan, motar da za a shigo da ita ta cika matakin Euro 4, a kuma ƙayyade shekarunta. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Fita daga ƙungiya ba ya sauke nauyin kare huhun talaka, ƙara shi ma yake yi, domin yanzu alƙalamin yana hannunmu. Muna da abin da maƙwabta da yawa ba su da shi, wato matatar SORAZ da ke aiki a jihar Damagaram tun 2011. Abin da ya kamata shi ne ƙasashen AES su fitar da ƙa'idarsu a fili, SONIDEP ta riƙa bayyana yawan farar wutar man da take rarrabawa kamar yadda ake bayyana farashi, duwan ta duba lafiyar mota kafin ta karɓi kuɗinta, masu binciken motoci kuma su riƙa leƙa salansa. A ƙara da koya wa matasan makanikai aikin kwamfutar mota, tunda motocin da ke tafe duk irin wannan ne.

Ga mai niyyar saye kuma, shawararmu a taƙaice take. In aikinka doguwar tafiya ce kan kwalta, kana shan mai a gidan mai amintacce, ka san makaniken da ke da na'urar bincike, kuma ka ajiye wani abu don ranar ɓaci, motar za ta yi maka daɗi, ta kuma daɗe. In kuwa cikin gari kake yini, ƙaramar Toyota mai isansi da kayan gyaranta ke ko'ina ta fi maka kwanciyar hankali. Kafin ka biya, ka sa a duba ko rariyar na nan, ka nemi takardun gyaranta, kada ka yarda da lambar kilomita don kawai ka gan ta a rubuce. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.