Wuƙa Shida a Kwali, Babu ta Fasa Kabewa

Da zarar an gama girbin masara a Doguwa, shinkafa ta fara cika kasuwar Tudun Wada, to kakar bukukuwa ta kama a kudancin Kano. Kuɗi sun shigo hannun manomi, an sa ranaku, mata sun shiga lissafin gudunmawa. A 'yan shekarun nan wani kaya ya samu gindin zama a wannan lissafi, wato saitin wuƙaƙe na kwali: guda biyar ko shida, masu mariƙi ja ko kore, wani sa'in har da almakashi da abin feraye dankali, an jera su bayan leda mai sheƙi. 'Yan kasuwa na saro su katan-katan daga Sabon Gari, su bi kasuwannin ƙauye da su daga Bebeji har Kwanar Dangora, ƙawayen amarya da ƙungiyoyin mata kuma su saya dozin-dozin, ko don gudunmawa ko don rabo ranar wuni. A ganina, cikin duk kayan da ake kai wa amarya yau, da wuya a sami wanda ke cin kuɗin mai bayarwa ya kuma bar mai karɓa hannu rabbana irin wannan.

A fara da ƙarfen, don a nan maganar take. Abin da ke sa wuƙa ta riƙe kaifi shi ne yawan sinadarin kabon da ke cikin ƙarfenta, da kuma yadda aka gasa ta aka sanyaya. Abin da ke hana ta tsatsa kuwa wani sinadari ne daban, kuromiyam, wanda sai ya haura kashi 10 cikin ɗari kafin ƙarfe ya zama marar tsatsa. Tun da Harry Brearley ya haɗa irin wannan ƙarfe a Sheffield ta Ingila a 1913, masu ƙira suka san cewa sheƙi daban, kaifi daban. Ana iya haɗa biyun a wuƙa ɗaya, amma da tsada. Ƙarfen da aka saba yin wuƙaƙe masu araha da shi yana da kuromiyam kamar kashi 13, kabon kuwa bai wuce kashi 0.3 ba, alhali sifirin mota da maƙeranmu ke sara su ƙera wuƙa da shi yana ɗauke da wajen ninki biyu na wannan kabon. Wuƙar kwali kuma ba a buga ta a uwar maƙera ba, inji ne ya datse ta daga falle kamar yadda ake yanke marfin gwangwani. Shi ya sa take da sirara, take lanƙwasa, kuma harshen ƙarfen da ya shiga mariƙi sau da yawa bai kai tsawon yatsa ba, roba kawai aka zuba ta riƙe shi. Ranar da aka danna ta a kan ƙashin kaza, a wuyan nan take karyewa.

Kada a ɗora wa mutanen Sin da ke ƙera su laifin duka. Birnin Yangjiang na lardin Guangdong, inda ake yin kaso mai yawa na wuƙaƙe da almakasan ƙasar, yana fitar da masu nagarta ƙwarai waɗanda ake sayarwa a Turai da Amurka. Masana'anta tana yi wa ɗan kasuwa daidai kuɗinsa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, mai shigo da kaya ya ga ko dai ya ninka farashi ko ya rage ƙarfe. Yawancinsu ƙarfen suka rage, suka bar kwalin da kyansa, domin sun san kwali ake gani a gidan biki.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba: wa aka tsara wa wannan saiti? A ciki akwai doguwa mai haƙora ta yanka burodi, akwai ƙanana masu haƙora na yankan gasasshen nama a kan faranti, duk don teburin Bature mai cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu. Matar aure a Kiru ko Riruwai aikinta daban. Za ta fasa kabewa, ta fere rogo da dankali, ta datsa rake, ta gyara tarwaɗa ko karfasa da aka kamo daga madatsar Tiga, ta yanka kuɓewa da albasa a tafin hannunta ba a kan katako ba, in babbar sallah ta zo kuma ta wuni a kan naman layya da kayan ciki da ganda. Wannan aiki wuƙa biyu yake bukata: babba mai nauyi, da ƙarama mai kaifi da ke zama daram a hannu. Daga cikin shidan nan, huɗu ba su da aikin yi a gidanta, biyun da suka rage kuma ba su da ƙarfin aikin. Masu haƙoran ma in sun dakushe shi ke nan, ba sa wasuwa a dutse. Masu fenti baƙi ko na furanni kuwa, wasawar farko ke kankare fentin, ɓarɓashinsa ya bi abinci.

Za a ce da ni kyauta ba ta kaɗan, kuma ba a duba haƙoran abin da aka ba ka. Gaskiya ne a kan kyautar da aka yi don Allah aka manta. Amma gudunmawar biki kowa ya san ba haka take ba. Biki bashi ne. Akwai mai riƙe da littafi tana rubuta abin da kowa ta kawo, kuma ranar da mai kawowa ta tashi aurar da tata 'yar, za a mayar mata da kwatankwacinsa ko fiye. To da wane ma'auni ake rubuta saitin wuƙa? Da girman kwali da ƙyallinsa. Uwar amarya za ta ɗauka an yi mata babbar hidima, ta rama da turmin atamfa ko kula mai kyau, alhali abin da aka kawo mata bai ga ƙarshen damina ba. Mai bayarwa ba lallai ta yi nufin cuta ba, ita ma kwalin ne ya ruɗe ta, sai dai sakamakon ɗaya ne: an ci bashi da jabu, za a biya da gaske. Wanda ya ci ribar zumuncin mutane biyu shi ne ɗan kasuwar da bai san ɗayansu ba.

Hujja ta biyu da za a kawo mini ta fi ƙarfi, ita ce ta ado. Ɗakin amaryar Bahaushe tun asali wurin jere ne. An yi zamanin ƙore, aka yi na tasoshi, aka yi na kwalla da samira, aka zo na tangaran da kuloli, kuma yawancinsu ba a taɓa zuba tuwo a cikinsu ba. Me zai hana wuƙa ita ma ta shiga jere? Bambancin shi ne kayan jeren da iyayenmu suka tara dukiya ne. Mace na iya ɗaukar tasa ko kwalla ta sayar ranar da ciwo ya kama yaro ko hatsi ya ƙare, ta sami kuɗi masu kauri. Saitin wuƙa da aka buɗe kwalinsa babu dillaliyar da za ta karɓe shi. Bai yi aikin wuƙa ba, bai kuma yi aikin ajiya ba.

Hujja ta uku ita ce wadda dole in ba ta haƙƙinta. Wuƙar maƙera tana tsatsa, tana baƙi in ta taɓa tumatir ko lemon tsami, mariƙinta na itace yakan tsage ya riƙe datti, kuma ba kowane maƙeri ke aiki da sifirin mota ba. Wasu da langalanga suke yi, wadda ba ta fi ta kwali ƙarko ba. Amarya 'yar boko da ta ga kicin ɗin ƙawarta a waya ba za ta yi murna da baƙar wuƙa a naɗe da takardar siminti ba, kuma ba ta yi laifi ba. Maƙeranmu sun iya ƙarfe, amma sun yi sakaci da gogewa da gyaran mariƙi, har suka bar wa kwali kasuwar biki baki ɗaya. Sai dai tsatsa tana da magani mai sauƙi, a wanke a goge a shafa ɗan man gyaɗa, ƙarfen da bai da isasshen kabon kuwa babu abin da zai sa ya riƙe kaifi. Mai son sheda ya tsaya wurin mahauta a kowace kasuwa tsakanin Tiga da dajin Falgore ya dubi abin da ke hannunsu. Mutanen da abincinsu ya rataya a kan kaifin wuƙa ba sa taɓa saitin kwali, ko da an ba su kyauta.

Ba kuma dole sai ta maƙera ba. A rumfunan da ake sayar da saitin akwai wuƙaƙe ɗai-ɗai marasa tsatsa masu kauri, waɗanda ƙarfensu ya ratsa mariƙi har ƙarshe aka ɗaure da ƙusoshi biyu ko uku. Kuɗin da za a zuba a kwali ɗaya gara a sayi irin wannan guda, in da canji a haɗa da dutsen wasawa. Ƙungiyar matan da ke sayen dozin goma don rabo kuwa tana da ƙarfin da ba ta sani ba. In ta je wurin maƙerin garinsu wata guda kafin biki, ta ba da kafin alƙalami, ta gindaya sharaɗin sifirin mota da goge ƙarfe da mariƙi mai santsi, ta sa dukawa su ɗinka kube, za ta sami kayan rabo da za a yi shekaru ana aiki da su, kuɗin kuma ya tsaya a Kiru ko Bebeji. Wadda ta nace sai saiti, to aƙalla ta sa mai kaya ya buɗe kwali a gabanta, ta danna bakin babbar wuƙar da yatsa ta ga ko tana lanƙwasa, ta girgiza mariƙin ta ji ko yana motsi. In mai kaya ya ce ba a buɗewa sai an biya, ta wuce rumfa ta gaba.