Mai Son A Raba Gida, Ya Dubi Yugoslabiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, a shekarar 1991, ran 27 ga Agusta, aka yanke Jihar Kabi daga Sakkwato, ba wanda ya yi ko haɓo. A cikin shekaran nan kuwa Tarayyar Sobiyat ta watse ƙasa 15, Yugoslabiya kuma ta kama da wuta.

Abin da ya ci Yugoslabiya ya isa a tsaya a kansa. Tito ya riƙe kabilunta da ƙarfin mulkin gurguzu har ya mutu a 1980. Da aka buɗe ƙofar zaɓe a 1990, sai 'yan siyasa suka tarar ba hajar da ta fi kabila saurin fita a kasuwa. A Bosniya kowa ya jefa wa danginsa ƙuri'a, zaɓe ya koma ƙidayar kabilu, wanda danginsa ba su da yawa kuwa ya san ba ranar da zai ci, sai ya nemi iyaka tasa. Yaƙin da ya biyo, daga 1992 zuwa 1995, ya ci rai wajen 100,000. A Sirebirenika kaɗai an kashe Musulmi maza wajen 8,000.

To, ga shi yau ana jin waɗansu samari cikin wayoyi suna kiran Hausa zalla, wai a ware Bahaushe daga Bafillace. Ba a musun kukansu duka. Manomin da shanu suka cinye wa gero, ya kai ƙara aka yi biris da shi, yana da hakki. Amma hakkinsa yana wuyan mai shanun da alƙalin, bai hau kan kabila ɗungum ba.

Ƙasar Gwandu ba baƙuwar wannan ciwo ba ce. Tun da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a 1805, Kabawa da Gwandu suka yi ta gwabzawa. Yakubu Nabame ya ɗaga takobi a 1849, sulhun da ake kira Lafiyar Toga ma bai daɗe ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya taka zuwa Argungu, aka tarye shi da su a kogi, aka binne gaba. Shekara fiye da 120 ke nan kafin ƙurar ta kwanta.

Masu son rabuwa sukan kawo misalin Cek da Sulobakiya, da suka rabu lami lafiya a 1993. Gaskiya ne, amma su kowa da yankinsa tun asali. A Kalgo fa? Bahaushe da Bafillace da Bazabarme rijiya ɗaya, sahu ɗaya a masallaci, ga auratayya tun kakanni. Yaron da ubansa Bakabe ne, uwarsa Bafillatana, mai zana iyaka sai ya faɗi ɗakin da zai kwana.