Sikanin na wata biyar: A riƙa tambayar ƙodar jariri

Tambayar da aka fi yi a ɗakin sikanin ita ce, "Mace ce ko namiji?" Da an samu amsa sai a naɗe takardar a jefa cikin jaka. A ganina an yi asarar kuɗin, domin hoton da ake ɗauka tsakanin mako na 18 zuwa na 22 an tanade shi ne don duba sassan jikin ɗan tayi, kuma ƙoda na cikin waɗanda ake iya gani a lokacin.

Daga tsakiyar goyon ciki, yawancin ruwan da jariri ke kwance a cikinsa fitsarinsa ne. Idan ƙodojin ba sa aiki, ko hanyar fitsari ta toshe, ruwan zai ragu, huhunsa kuma ba zai girma yadda ya kamata ba.

Abin da aka fi gani shi ne kumburin ƙoda saboda taruwar fitsari, kuma galibi yakan warware da kansa. Wanda ya fi damu na shi ne na jarirai maza, waɗanda wani siririn tantani ke tare musu hanyar fitsari a ƙasan mafitsara. Yaro zai zo duniya kamar lafiya lau, a sha suna, amma fitsarinsa ɗiga yake yi maimakon tsartuwa, ga zazzaɓi yau da gobe, ana ta ɗura masa maganin maleriya. Da an sani tun yana ciki, da an buɗe hanyar a makonnin farko. Idan aka makara, lamarin na iya kaiwa ga wankin ƙoda, wanda ko babba ya sha wuyar kuɗinsa.

Wasu kan ce sanin ba ya ƙara wa mai juna biyu komai sai fargaba. To, fargabar ce ke sa a haihu a babban asibiti mai likitan yara, a kuma sake yi wa jaririn hoto bayan kwana biyu da haihuwa.

Masu shagunan sikanin ma da nasu laifin. Minti biyu, a rubuta bugun zuciya da ranar haihuwa, a kira ta gaba. Mai ciki ta tambaya: an ga ƙoda biyu? An ga mafitsara? Ruwan ya isa? A rubuta amsar, ta kai wa ma'aikatan awo, ta kuma tafi da takardar ranar haihuwa.