Ba a Ba Kura Ajiyar Nama

Ƴan'uwana ɗalibai, in ana zancen lalacewar shari'a, alƙali da lauya kawai muke zagi. Yau wanda ke zaune a bakin ƙofa nake nufi: sakataren ofishin lauya, mai riƙe dosiye, mai yin tafinta.

Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, kaya suka koma kwalekwale, rigingimu suka yawaita tsakanin ƴan kasuwa da masu fito. Kawuna na cikinsu. Kayansa suka salwanta a hannun abokin cinikinsa, ya hau mota har Yamai ya ɗauki lauya, ya aje jika 200. Lauya na Faransanci, kawu na Hausa da Dendi, sakatare na tsakiya. Kawu ya ce: "Na ba shi ajiya." Takarda ta ce: an sayar masa bashi. Ajiya da bashi fa! Ko ɗan aji ɗaya a sashenmu na nazarin harshe ya san ba ɗaya ba ne. Kawu ya dangwala yatsa. Sai ranar zama muka gane ashe sakataren surukin abokin shari'armu ne, kuma duk abin da kawu ya faɗa a ɗaki ya riga mu isa can.

Muka koma wurin lauya, wai shi bai sani ba. To, wa zai sani? Shi ya yi rantsuwa, shi ke sa baƙar riga. Dokar UEMOA ta 2014 kan aikin lauya ta ɗora masa riƙe sirrin wanda yake karewa, ta hana shi raba ƙafa tsakanin masu husuma. In yaronka ya raba ƙafa a ofishinka, wallahi kai ka raba.

Wasu za su ce albashin sakatare bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne, a ƙara masa. Amma talauci bai halatta masa sayar da wanda ya fi shi talauci ba. Wasu kuma su ce a garuruwanmu kowa dangin kowa ne. Shi ya sa ma ya kamata a faɗa tun farko: wannan surukina ne, ba ni taɓa dosiyen nan.

A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Madalla. Amma muddin talaka na dangwala yatsa a kan takardar da bai ji ba, ayyanawar ta tsaya a rediyo.

Abu uku nake nema. Ƙungiyar lauyoyi ta hukunta lauya kan laifin yaransa. A riƙa karanta wa mutum takarda da harshensa, gaban shaidar da shi ya kawo. Mu kuma da muka yi boko, in tsohonka zai je ofishin lauya, aje littafinka ka raka shi. Ni ban raka kawu ba, har yau abin na cina.