MASU KEKE SUN ZO, MASU GONA SUNA TUMƁUKE INABI

A kudu maso yammacin Faransa akwai koguna biyu, Garonne da Dordogne, waɗanda suka haɗu arewa da birnin Bordeaux, suka zama makeken ruwa guda da ake kira Gironde. Daga mahaɗar zuwa teku wajen mil 47 ne, faɗinsa kuwa kusa da teku ya kai mil 7. Ruwan teku yana kutsowa cikinsa ya janye sau biyu a yini, shi ya sa kullum za ka gan shi da launin laka. Malaman labarin ƙasa sun san wurin a taswira. Abin da ya sa muka ɗauko zancensa shi ne wata shawara da ake yawan yi wa manoman wannan gefe, wai tun da kasuwar amfanin gonarsu ta faɗi, su koma neman abinci wajen baƙi masu yawon buɗe ido bisa keke.

Amfanin gonar nan inabi ne, ana matse shi a yi giya. Mu dai mun san hukuncinta a addini, ba kuwa tallarta ta kawo mu ba. Amma sha'anin manomin da ya dogara ga shuka guda, kana ya wayi gari masu saye sun ragu, sha'ani ne da ya kamata kowane mai aikin jama'a ya tsaya ya duba.

Mu fara da abin da baƙon ke zuwa kallo, gama lalle akwai abin kallo. A gaɓar gabas ga garin Blaye da ganuwarsa, wadda Vauban, maginin Sarki Louis na 14, ya gina tsakanin 1685 da 1689. Akwai wata ƙaramar ganuwa a tsibiri tsakiyar ruwa, da ta uku a ɗaya ƙetaren, don duk jirgin abokan gaba da ya nufi Bordeaux ya faɗa tsakanin bakunan igwa. A 2008 Hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya, a 2021 kuma ta ƙara da hasumiyar fitila ta Cordouan, wadda ke tsaye cikin teku a bakin kogin tun 1611. Mai keke yakan shiga jirgin fito a Blaye ya sauka a Lamarque, sai ga shi cikin ƙasar Médoc, shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba gangara. Yawancinta dā fadama ce, sai a ƙarni na 17 aka kirawo gwanaye daga Holan suka haƙa magudanai suka tsane ta. Tudun tsakuwar da ya bayyana shi ne ke ɗauke da gonakin da suka fi kowaɗanne tsada.

Hanyoyin keke kuwa an yi musu aiki. Wadda ake kira Vélodyssée ta bi gaɓar teku tun daga Roscoff a arewa har Hendaye a iyakar Sifen, fiye da mil 700, ta ratsa dajin itatuwan da ke yammacin Médoc. Wata kuma ta tashi daga gefen Bordeaux ta nufi Sauveterre, wajen mil 30, bisa tsohon layin dogo da aka cire ƙarafansa aka zuba kwalta. An sa mata sunan Roger Lapébie, wanda ya ci babban tseren keke na Faransa a 1937. Tun 2017 jirgin ƙasa mai sauri yana kawo mutum daga Faris cikin awa biyu da 'yan mintoci. Babu mai cewa hukuma ta yi sake.

To, ga ɗaya gefen maganar. A wajen 1960 abin da Bafaranshe guda ke sha a shekara, in an raba bisa kan jama'a, ya haura lita 100. Zuwa 2020 ya sauko kusan lita 40, jan giya kuwa, wadda ita ce mafi yawan abin da Bordeaux ke yi, ita aka fi ƙauracewa. Ƙasar Sin ta yi shekaru tana saye da yawa, daga baya ta ja hannu. Amurka ta aza harajin kashi 25 cikin 100 daga 2019 zuwa 2021. Ga shi kuma jaura ta ƙone toho a watan Afrilu na 2017, har girbi ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A watan Disamba na 2022 manoma suka fito titunan Bordeaux suna roƙon a biya su su tumɓuke gonakinsu. A 2023 Gwamnati da ƙungiyar masu sana'ar suka yarda: yuro 6,000 ga kowace hekta, watau wajen eka biyu da rabi, aka yi nufin tumɓuke hekta 9,500 cikin wajen 110,000. Wanda ya karɓi kason Gwamnati sai ya bar filin ya koma saura ko daji har shekara 20.

Nan ne muke ganin shawarar keke ta gaza, domin ba inda ciwon yake maganin ke zuwa ba. A 1855 Sarki Napoleon na 3 ya nemi a jera giyar Bordeaux daraja-daraja saboda babban nunin kayayyaki na Faris. Dillalai suka jera gidaje wajen 60 cikin aji biyar, dukansu a Médoc in ban da guda. Wannan jeri har yanzu shi ke aiki, babban canjin da aka yi masa shi ne na 1973, da aka ɗaga gida guda zuwa aji na fari. Sunayen nan su baƙo ya ji tun daga ƙasarsu, ƙofofinsu yake so a ɗauke shi hoto. Su kuwa ba su ne ke tumɓuke gona ba. Masu tumɓukewa dubban ƙananan manoma ne, musamman a tsakanin kogunan nan biyu, waɗanda ke sayar da kayansu cikin tanki ga 'yan kasuwa, sau da yawa ƙasa da abin da suka kashe. Abin mamaki, hanyar Lapébie tsakiyarsu ta ratsa.

Ba mu ce ba su samun kome ba. Mai gonar da ke bakin hanya, in yana da ɗaki biyu na saukar baƙi da wanda ya iya Ingilishi a gidan, zai sami 'yan kuɗi, ya kuma sayar da kayansa hannu da hannu ba dillali. Amma mai keke kwalba nawa zai ɗaura a bayan sirdi? Manomi mai hekta 20 yana fitar da kwalba dubu-dubai a shekara. Baƙi kuma na 'yan watannin zafi ne, yawancinsu bakin teku suka nufa, su ma ba tabbas gare su ba: a 2022 gobarar daji ta cinye wajen hekta 30,000 a lardin, ta ƙone sansanonin baƙi biyar kusa da tudun rairayi na Pilat, aka kwashe mutane dubbai ana tsakiyar hutu. Gyaran ɗakin baƙi kuma jari yake so, wanda banki ke bi bashi ina zai samo shi?

Har wa yau akwai wani ƙulli da masu shawarar ba su cika ambata ba. Abin da mai keke ke biya ya gani, watau kunyoyin inabi jere reras har gaɓar ruwa, aikin manomi ne, shi ke sassabe, shi ke feshi, shi ke ɗaure reshe. Kuɗin kallon kuwa yana shiga aljihun mai masauki, da mai ba da hayar keke, da mai gidan abinci a cikin birni. A ganinmu, in lardin yana so ya ci gaba da tallar wannan kyan gani, daidai ne wani kaso na harajin kwana da ake karɓa daga baƙi ya koma ga masu kula da gonakin da ke gefen hanya, ko da kuwa abin da za su shuka nan gaba zaitun ne ko wani abu dabam.

Gonar da mai ita ya gaji ya bari ba tare da ya tumɓuke ba ita ce mafi muni. Ƙaya takan rufe ta, kana ta zama maɓoyar wani ɗan ƙwaro mai yaɗa cutar da ke sa ganyen inabi ya yi rawaya, itacen ya mutu. Daga nan cutar ke tsallakawa gonar maƙwabci. Wannan ne ma dalilin da aka rubuta bisa takardar shirin 2023, aka kira shi tumɓuka don kiwon lafiyar gonaki.