Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Mujallun Ilmi da Tsoron Gyara

Malaman jami'a ba su da abin tinƙaho kamar gyara. Su gyara ɗalibi, su gyara marubuci, su gyara gwamnati. Amma da zarar an nuna kuskure a cikin mujallar da su da kansu suke bugawa, sai a ji tsit, kamar an shuka dusa. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce wanzami ba ya son jarfa. Ra'ayinmu a wannan ɗan sharhi shi ne, duk mujallar da ba ta da hanyar warware maganarta a bainar jama'a, tare da faɗin dalili, ba ta cancanci a kira ta mujallar ilmi ba.

Bari mu fara da bambance abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Gyara shi ne a buga sanarwa cewa an yi tuntuɓen alƙalami a wuri kaza, amma sakamakon binciken yana nan daram. Sokewa ita ce mujalla ta shaida wa duniya cewa maƙalar da ta buga ba abin dogaro ba ce. Janyewa kuwa ita ce marubuci ya karɓe rubutunsa tun kafin ya fito. Kwamitin ladubban ɗab'i da aka fi sani da COPE, wanda aka kafa a Ingila a 1997, ya fitar da ƙa'idojin sokewa a 2009. Jigonsu shi ne a yi ta da gaggawa, a bayyana dalili, kuma a bar maƙalar a inda take da tambarin sokewa, domin wanda ya zo daga baya ya san ramin da zai kauce wa.

Abin da jinkiri ke haifarwa ya bayyana a mujallar likitoci ta The Lancet. A 1998 ta buga maƙalar Andrew Wakefield da abokan aikinsa, wadda aka gina a kan yara 12 kacal, aka kuma yi amfani da ita wajen danganta allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela da lalurar ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira otizim. Iyaye suka tsorata. Yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya faɗo daga sama da kashi 90 cikin ɗari zuwa kusan kashi 80, ƙyanda ta sake samun gindin zama. A 2004 mutum 10 daga cikin marubutan 13 suka nesanta kansu daga fassarar da aka yi wa binciken, amma mujallar ba ta soke maƙalar ba sai a 2010, shekarar da aka ƙwace wa Wakefield lasisin aikin likita. Shekara goma sha biyu ke nan ƙarya tana yawo sanye da rigar ilmi.

Masu kare shiru za su ce yawan sokewa yana zubar da mutuncin ilmi, su kawo hujja da shekarar 2023, wadda aka soke maƙalu fiye da 10,000 a cikinta, sama da 8,000 daga mujallun kamfanin Hindawi kaɗai. Mu kuwa muna cewa ba mai shara ne ya kawo datti ba. Waɗannan maƙalu gurɓatattu ne tun ranar da aka buga su, sokewa tona asiri kawai ta yi. Haka kuma ba kowace sokewa ce shaidar ha'inci ba. Wani nazari da aka buga a 2012 a kan maƙalu 2,047 da aka soke a fannin likitanci da kimiyyar halittu ya gano cewa kimanin kashi 67 cikin ɗari rashin gaskiya ne ya jawo su, kashi 21 kuwa kuskure ne. A farkon 2020 Frances Arnold, wadda ta ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2018, ta sanar da kanta cewa ta soke wata maƙalarta domin an kasa maimaita sakamakonta, kuma darajarta ba ta ragu ba. Saboda haka sanarwar da ta tsaya a kan cewa an cire maƙala, ba tare da dalili ba, zalunci ce: tana shafa wa mai gaskiya kashin kaji, tana rufa wa maƙaryaci asiri.

Akwai kuma cirewar da tsoro ke haifarwa. A 2017 mujallar Third World Quarterly ta buga maƙalar Bruce Gilley mai kare mulkin mallaka. Mutum 15 suka fice daga kwamitin editocinta, suna zargin ba a bi ƙa'idar tantancewa ba, kamfanin ɗab'in kuma ya ce an bi. Daga ƙarshe aka cire maƙalar, kuma dalilin da aka bayar shi ne barazanar da aka yi wa lafiyar edita. Ba mu da ko ƙwayar zarra ta goyon baya ga wannan maƙala, tarihinmu ya ishe mu raddi. Amma cire ta a kan barazana ya mai da marubucin abin tausayi, ya kuma koya wa masu barazana cewa hanyarsu tana aiki. Hujja ce ke kashe mugun ra'ayi.

To, ina muka kwana a nan gida? Muna ƙalubalantar mai karatu ya ɗauko mujallun sassan harsuna da adabi na jami'o'in ƙasar nan, ya ƙirga shafukan gyara da na sokewa da zai samu. Shin manazartanmu ma'asumai ne? Cututtukan fagenmu sanannu ne: satar fasaha, da buga maƙala ɗaya sau biyu da suna daban, da yanko babi daga kundin ɗalibi a maƙala masa sunan malami. Dalilin shirun ma ba ɓoyayye ba ne. Inda ake ƙirga maƙalu domin ƙarin girma fiye da yadda ake karanta su, soke maƙala ɗaya taɓa tuwon abokin aiki ne, edita kuwa gobe shi ma zai zo gaban wannan abokin. Sai kunya ta rinjayi amana, ɗalibi ya kwafi kuskuren, na bayansa ya kwafa daga gare shi.

A batun janyewa kuwa, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Marubucin da ya aika rubutu ɗaya ga mujallu uku, ya janye daga biyu bayan ɗaya ta karɓa, ya ɓata lokacin masu tantancewa da ke aiki kyauta. Amma editan da ya danne rubutu shekara biyu babu amsa, sannan ya nemi kuɗi kafin ya sake shi, shi ne ya koya masa wannan hali.

Ba wai muna kira a kwaikwayi Turawa ba ne. Imam Shafi'i yana da tsohon zance na Iraƙi da sabon zance na Masar, almajiransa suka adana duka biyun. Masu kwafar littattafai a ƙasar Hausa sukan rubuta gyara a gefen shafi, inda kowa zai gani. Wannan gado muke nema a raya. Kowace mujalla ta ware shafin gyara, ta buga ƙa'idojin sokewa da wa'adin amsa wa marubuci. Kwamitocin ƙarin girma su daina ƙirga maƙalar da aka soke saboda ha'inci, su kuma daina hukunta wanda ya gyara kansa da kansa. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Allah ya sa mu dace.